Kunyoyin Labbo

Wasu matasan malamai uku sun biyo ta zaurena a Tambuwal, suna dawowa daga wata bita da aka yi musu. Ɗayansu, jikan wani abokina, ya zaro wata takarda mai gidaje-gidaje ya ɗora mini a gwiwa.

Ya ce, "Baba, mu kam an hutar da mu. Yanzu ba da rubutu kaɗai ake auna yaro ba, sai a sa shi ya yi abu da hannunsa. Ga abin da za ka duba an jera maka, ga makin kowane gida. Kai dai duba ka soka alƙalami. Ko makaho ya iya."

Na ce ya leƙa cikin gida ya ce a ba shi adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Kafin a kawo ta na fara ba su labarin da zan rubuta a nan, don sauran masu ganin ba da maki shi ne mafi sauƙi a aikin koyarwa.

Littattafai talatin ne aikina na farko. A wata makarantar elemantare ce a ƙasar Tambuwal, kuma shugabanta Malam Altine, mutumin Sanyinna, siriri mai ƙarancin magana. Ya sa 'yan aji huɗu suka rubuta labarin ranar kasuwa, ya turo mini littattafan ya ce in ba da maki cikin goma, amma in rubuta makin a wata takarda dabam, kada in taɓa littafin. Na gama ranar Litinin. Ranar Alhamis ya sake kawo mini littattafai talatin, an naɗe bangon kowanne da tsohuwar takarda, ya ce na wani aji ne. Na duba, na ba da maki. Sai ya zauna ya warware bangon ɗaya bayan ɗaya, ya jera takarduna biyu gefe da gefe.

Ya ce, "Alhaji Ummaru, yaron ga ran Littinin ka ba shi bakwai. Yau ka ba shi fuɗu. Shi ya sake ko kai?"

Na bi takardun biyu da kallo, ya ci gaba.

"Ran Littinin ka ci tuwo ka ƙoshi. Yau kana mura. To ɗan mutane mi ya haɗa shi da hancinka?"

Daga ranar ban ƙara ba da maki ba sai na fara rubuta wa kaina abin da nake nema, da abin da kowane maki yake nufi. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Kayan aikinmu kaɗan ne, kuma kowanne da halinsa. Jar tawada gari take zuwa, mu muke dama ta. In ta yi ruwa sai ta bazu a takarda, bakwai ya koma kamar tara. Alƙalami mai bakin ƙarfe ne, in ya buɗe baki sai a matse shi da haƙori. Akwai takardar tsotse tawada, da rula ta katako, da rajista. Da damina takarda takan sha danshi, gara kuma ba ta san jarrabawa ba, don haka adaka a kan duwatsu take kwana. Malamin da ya bar rajista a ƙasa sau ɗaya ba ya ƙarawa.

Na shiga koyarwa da girmana, domin na yi yawo tukuna. Ina gama elemantare na bi kawuna fataucin goro zuwa Kumasi, daga baya kuma na bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa, tafiyar da ta ci mini shekara biyar. Fulatanci a nono na sha shi. Zabarmanci da Tonanci, harshen mutanen Kumasi, a hanya na tsince su, Larabci a Sudan, Turanci kuma da na dawo na shiga makarantar horon malamai. Ko'ina na sauka ina kallon yadda ake gane wanda ya iya. A Kumasi masaƙi ba ya tambayar almajirinsa komai. Zare zai miƙa masa, ya koma gefe ya zauna, in an gama ya ɗaga saƙar ya duba ta a rana. A Yamai na ga malamin Faransanci yana shifta, kowane kuskure ya zare maki, har yaro ya tashi ba shi da ko ɗaya alhali ya fahimci labarin sarai. A Sudan kuwa na yi ƙodago damina biyu a gonakin auduga na Jazira. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, an ja mata hanyoyin ruwa da layukan shuka a miƙe har inda ido ya tsaya. Ban taɓa ganin noma mai kyan gani kamarsa ba, kuma na dawo gida da shi a kaina cewa gonar kirki ita ce miƙaƙƙiya.

Da rani aka mayar da ni wani ƙauye a ƙasar Kebbe, ni ne shugaba, ni ne malamin aji huɗu. Ku riƙe wannan: da rani na zo. Shekarar ce Turawa suka miƙa mulki.

A lokacin, yaro in ya gama aji huɗu, ko dai ya wuce babbar firamare ta kwana a birni, ko ya koma gida. Makarantarmu gurbi biyu ake ba ta. Jarrabawa kuwa a ambulan take zuwa, an like bakinsa da jan danko, a buɗe a gaban yara, su rubuta, a sake likewa a mayar birni a duba. Ba na zagin wannan jarrabawa. Ba ta san ɗan wane ba, ba ta jin mura. Amma na taɓa ganin ta ce wa yaran da ba su taɓa ganin ko kwalta ba su rubuta da Turanci yadda suka yi tafiya a jirgin ƙasa. Kullum 'ya'yan da ake jin Turanci ko rediyo a gidansu su ke wucewa. Yaron da zai kalli sama ya ce maka jibi za a yi ruwa, a kuma yi, ba shi da gidan da za a rubuta masa wannan.

Na rubuta wa ofishin ilimi na roƙi a bar aikin gonar makaranta ya shiga cikin makin zaɓe. Malam Altine a lokacin ya zama mai zagayen duba makarantu, shi ya ɗauki takardar da hannunsa, ya kuma tsaya mini. Aka amsa cewa a gwada shekara guda a makarantarmu, da sharaɗi biyu: a rubuta yadda za a auna tun kafin a sari ƙasa, kuma makin ya isa Tambuwal kafin gulbi ya kawo, domin in ya kawo ƙasar Kebbe takan yanke daga duniya.

Kwana shida na yi ina zana abin da na sa wa suna takardar awo. Irin wadda yaron nan ya ɗora mini a gwiwa ce, sai dai tawa da rula da alƙalami aka ja ta. Layi biyar ne: sharar fili, miƙewar kunya, tazarar shuka, noman ciyawa, da kula da kayan aiki. Kowane layi maki biyar, kuma na bayyana kowane gida. A layi na biyu na rubuta: biyar, in kunya ta bi igiya daga turke zuwa turke, uku, in ta kauce kaɗan, ɗaya, in ba ta bi igiya ba. Wannan layin ya fi kowanne sauƙin rubutawa, bai ɗauke ni ko minti biyar ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na karanta ta a ƙofar mai gari, gaban iyaye. Yawancinsu ba su damu ba. A wancan zamani, iyaye da yawa addu'a suke ɗansu ya faɗi ya dawo gona. Amma malamin asibitin garin, wanda ɗansa ke ajin, ya miƙe.

Ya ce, "Da can takarda ka zaɓe, ba ta da aboki. Yanzu idon malam za shi zaɓe. In an kai mai ƙwai da nono fa?"

Aka yi dariya. Na ɗaga takardar na ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ka zama shaida. Abin da ke rubuce nan shi za a bi. Ko ɗan cikina ne ba zan sake harafi guda ba."

Mai gari ya ce, "Kun dai jiya." Suka ce sun ji.

Da aka watse wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa ya tsaya ya ba ni hannu. Tunau sunansa, manomi, kuma ɗansa Labbo yana ajina. Labbo shekararsa kamar goma sha uku, ya fi kowa lissafi, Turancinsa kuwa sai a hankali. Tunau yana cikin 'yan kaɗan da suke son ɗansu ya wuce.

Ya ce, "Malam, abin ga da ka kawo ya yi min daɗi. So nika yaron ga ya zan malamin gona. Wanda anka turo muna bara, da takalmi ya shiga fadama. A samu dai guda wanda ya taɓa riƙa kalme."

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata, Laraba muka fita. Filin sabo ne, mai gari ya ba mu shi a bayan makaranta, tsakanin bangon aji da wani shingen aguwa. A idona shimfiɗe yake. Na raba shi gida goma sha tara, kowane yaro da nasa, gyaɗa za a shuka. Na kafa turaku daga bangon aji zuwa shinge, na ja igiya, domin in mutum ya tsaya a ƙofar aji ya ga kunyoyin sun tafi a jere kamar layin littafi. Tun daga ranar mutanen garin suka sa mini Malam Mai Igiya.

Yara goma sha takwas suka bi igiya. Da na iso gidan Labbo, na ƙarshe a gefen yamma, na tarar ya cire igiyarsa ya naɗe ta tsaf ya rataye a turke. Kunyoyinsa sun gitta na sauran, kuma ba su ma miƙe ba, sun lanƙwasa kamar baka. A cikin kowane kwari ya tara 'yar ƙasa nan da can ya datse shi.

Na ce, "Labbo, mene ne wannan?"

Ya ce, "Malam, ta nan ruwa ka biyowa." Ya nuna jigawar da ke bayan makaranta da bakin kalme, wato fartanyarsa.

"Ka ji abin da na karanta a ƙofar mai gari?"

"Na jiya, Malam."

"To kai ka fi igiya sani?"

Wani yaro ya ce, "Malam, idonai na karkace." Aka kwashe da dariya. Labbo bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba.

Ya ce, "Igiya baƙuwa ta, Malam. Mu nan munka yi kiwon awaki."

Na ba shi kwana biyu ya rushe ya sake. Bai sake ba. Ya shuka gyaɗarsa a kan karkatattun kunyoyinsa, tazara daidai kamar an auna da rula.

A kwana na uku Tunau ya zo da hantsi, ina tsakar darasi. Na fito muka tsaya a bakin filin. Na zaci roƙo ya kawo, na riga na shirya amsa.

Na ce, "Baba Tunau, a gabanka na yi magana."

Ya ce, "Ka yi, mun jiya. Ni ban zo in ce ka sake ba. Na ce mai ya bi igiyar malam, ya ce hannunai ya ƙiya." Ya ɗan murmusa. "Wurin ga shina da gangare, Malam. Ido ba ya ganinai, sai ƙafa. Ɗauko buta ka zuba ruwa nan ka gani."

Butata tana nan jingine a bangon aji, taku biyar daga inda muke. Yara suna leƙe ta taga, ɗan malamin asibiti yana cikinsu. Na ce masa zan duba in na sami sarari. Ya ce to, ya saɓa kalmensa ya tafi. Ban zuba ba.

Ranar awo Malam Altine ya zo a kan kekensa, ya kawo ambulan ɗin jarrabawar rubutu. Da safe yara suka rubuta, aka like. Da azahar muka shiga gona, ni da takarda a kan allo, shi yana biye. Kowane yaro ya tsaya a kan gidansa da kalmensa a wanke. Aikin ya tafi da sauri, domin takardar ta yi abin da aka yi ta dominsa: ba gardama, ba a ce an fi son wane. Gyaɗa ta yi kore shar, layuka sun tafi a miƙe har shinge.

A gidan Labbo Malam Altine ya daɗe. Ya zaga shi, ya tsuguna, ya tura yatsa a ƙasan kwari, ya je gidan da ke kusa ya tura. Babu ciyawa ko ɗaya. Shara biyar, tazara biyar, noma biyar, kayan aiki biyar.

Ya ce, "Layi na biyu fa, mi takardarka ta ce?"

Na ce, "Ɗaya."

"Kai mi ka ce?"

"Ni ba ni da ta cewa, Malam. Kai ka hore ni."

Ya kalli jigawa, ya kalli yaron. Ya ce, "To rubuta."

Na rubuta ɗaya da jar tawada, na tsotse. Labbo yana kallon bakin alƙalamin. Washegari Malam Altine ya ɗaure takardun a bayan keke ya haye gulbi ruwa iya gwiwa.

Ruwan da ya yi mana ɓarna a watan Agusta ya zo, ranar wata Alhamis. Ya fara da hantsi bai tsaya ba sai la'asar. Muna cikin aji muna jin sa. Da ya tsagaita na fita ƙofar aji, inda na saba tsayawa in kalli layukana. Ruwa ya gangaro daga jigawa ya tarar an share masa hanyoyi a miƙe har shinge, kowane kwari ya zama rafi. Ya ci gindin kunyoyin, ya kwashe su. Gyaɗar yara goma sha takwas tana can jibge a gindin aguwa, saiwa a sama, 'ya'yan da suka fara zuba fari fat a waje. Turakuna kaɗai suka rage a tsaye.

A gefen yamma ruwa yana kwance tsakanin kunyoyin Labbo kamar an zuba a akushi, yana nutsewa a hankali. Ko ɗaya ba ta karye ba.

Yara suka fito suka tsaya a bayana. Wanda ya ce idon Labbo karkace ne ya je gindin shinge yana tsintar tasa gyaɗar, yana ƙoƙarin mayar da ita ƙasa.

Ranar Asabar na kama hanyar Tambuwal. Gulbi ya kawo har ya shanye gonakin bakinsa. Masu fito suka ce ba su sa jirgi, sai dai gora. Na tuɓe na naɗe rigata da wasiƙar da na rubuta, na ɗaure a ka, na rungumi gora, wani Basarke, cikin masuntan gulbin, yana iyo yana ja na. Mun fita nesa ƙwarai da inda muka nufa. Sauran tafiyar a ƙasa na yi ta, na kwana a hanya, na isa gidan Malam Altine ƙafafuna sun kumbura.

Ya karanta wasiƙar a tsaye. A ciki na bayyana cewa layi na biyu kuskure ne, ni na yi shi, kunyar da ta bi igiya ita ce ta lalace, don haka a mayar wa yaro mai suna Labbo makinsa huɗu.

Ya ce, "Takardun sun wuce birni tun sati uku."

"A bi su da wannan."

"Alhaji, ka san abin da kake aikawa? Kai ka ce musu awonka ba ya ƙarya. Yanzu kai ka ce ya yi."

"To in yi shiru?"

Ya ninke wasiƙar. Ya ce, "A'a. Ni dai na ce ka riƙa awo guda. Ban ce maka kowane awo daidai na ba. Kuma ni ma na tura yatsa na ji danshi, na ce ka rubuta." Ya sa hannu a ƙasan nawa, ya aika.

Amsa ta zo ana saura kwana kaɗan bikin miƙa mulki, a cikin akwati guda da 'yan ƙananan tutoci masu kore da fari da aka aiko a raba wa yara. Takarda biyu ce. Ta farko sunayen waɗanda suka wuce, da jimlar makin kowa. Ɗan malamin asibiti na ɗaya, kuma ya cancanta, yaro ne mai ƙoƙari. Wani ɗan mai awon gyaɗa na biyu. Labbo na uku, maki biyu tsakaninsa da na biyu. Ta biyun gajeriya ce, da Turanci mai ladabi. Ta ce ba a sake maki bayan an tattara, kamar yadda ni kaina na nema a farko. Ta ce kuma tun da malamin da ya kawo wannan tsari ya shaida da hannunsa cewa awon bai inganta ba, daga bana an koma jarrabawar rubutu ita kaɗai.

Na iya harshe shida, na karanta takardar nan sau uku ina neman inda zan kama ta. Babu. Duk abin da ta faɗa ni na ba ta.

Ranar biki yara suka yi maci a filin kasuwa da tutocinsu. Labbo ne a gaba domin ya fi su tsayi. Bayan an tashi na je gidan Tunau na gaya masa da bakina, har da maki biyun, har da butar da ban ɗauka ba. Yana gyaran ƙotar kalme, bai daina ba.

Ya ce, "Ka faɗi gaban mai gari ba ka sakewa, ba ka sake ba. Ba mu ce ka ci amana ba, Malam." Ya buga ƙotar a ƙasa ya duba ta. "Sai dai a sake turo muna mai takalmi."

Shekarar ba a sake karɓar yaron da ya gama aji huɗu ba, kuma shekarun Labbo sun wuce a jira wata. Gyaɗar da makaranta ta samu a kakar nan duk daga gidansa ta fito. Shi ya cire ta, ya shanya, ya ɓare, ya kawo mini a ƙwarya ya ce a ajiye iri. Ya wanke kalmen makaranta ya rataye a inda ake ratayewa. Daga ranar bai ƙara shigowa ba.

Da ranin nan na zauna na sake zana takardar awo. Layi na biyu ya ɗauke ni sati biyu, sai da na bi manoma bakwai gonakinsu ina tambaya. Na rubuta: biyar, in kunya ta tare ruwa ta riƙe ƙasa, kuma yaro ya iya faɗin dalilin da ya sa ya ja ta haka. Na ƙara layi na shida, na bar shi babu komai, na rubuta a gefensa: abin da yaro ya sani wanda malam bai sani ba. Na aika sau uku a shekaru uku. Ofisoshi sun cika da sababbin ma'aikata da sababbin ayyuka, ba wanda ya amsa. Gonar makaranta ta koma wurin da ake tura wanda ya makara.

Na yi shekara talatin da wani abu ina ba da maki bayan wannan. Na duba jarrabawar rubutu a Sakkwato, na duba a Kaduna, ɗaki cike da malamai kowa da jan alƙalami, ba ka san fuskar yaro ko ɗaya ba. Aiki ne mai tsabta, kuma ana barci bayansa.

Na sake ganin Labbo sau ɗaya, a kasuwar Dogon Daji, bayan na yi ritaya. Ina taya gyaɗa sai mai ita ya miƙe ya cire hula. Ya yi furfura a gemu, kafaɗunsa irin na ubansa.

Ya ce, "Malam Mai Igiya."

Muka gaisa, na tambayi Tunau ya ce ya daɗe da rasuwa. Ya ce yana noma, yana da iyali, ana zuwa daga ƙauyuka a ɗauke shi ya nuna inda za a ja kunya a sabon fili. Ya ce karatun Hausa bai gudu ba, Turancin dai ya tafi. Ya cika mini mudu ya ƙi karɓar komai. Na juya zan tafi ya kira ni.

"Malam, layin nan na biyu. An gyara shi?"

Na ce, "Na gyara shi tun shekarar."

Fuskarsa ta saki. Ya ce, "To madalla. Ashe na baya sun samu. Su nawa sunka wuce da shi?"

Wani mai saye ya iso yana tambayar farashi, Labbo ya juya gare shi. Na tsaya kaɗan, sannan na ɗauki gyaɗata na shiga cikin mutane.

Da na kai nan aka kawo adakar. Na buɗe na fitar da takarda biyu na shimfiɗa wa matasan a kan tabarma. Ɗaya ta yi ja don tsufa, sunaye goma sha tara a jere, gara ta ci gefenta, ga ɗaya da jar tawada a layi na biyu wajen ƙasa. Jikan abokina ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki ɗayar.

Ya ce, "Baba, wannan ai kamar sabuwa. Ta wace shekara ce?"

Na ce ita ce gyararriyar. Ba a taɓa rubuta sunan kowa a kanta ba.